Man giya na Honda DW-1: abin da na gani da na yi juyensa da hannuna

Motata Honda Accord ce ƙirar 2005, wadda dillalan mota ke kira EOD, mai fulogi huɗu, inji 2.4. Daga Amurka aka shigo da ita, shi ya sa mitarta mil take ƙirgawa ba kilomita ba. Shekara huɗu ke nan tana hannuna a Kano. Baƙin mai ban taɓa wasa da shi ba, lokaci na yi zan kai ta juye. Amma man giya, wallahi ko sau ɗaya ban taɓa zaro gejinsa na duba ba, sai da motar ta fara yi min tsiya.

Da sanyin safiya in na sa ta a D sai ta yi shiru kamar ba ta ji ba, ka ƙirga ɗaya, biyu, sannan ka ji gum! ta shiga. A hanya kuma tsakanin giya ta biyu da ta uku takan yi wata 'yar fizga, kamar an bangaje ka ta baya a layin banki. Abin ya fi tsananta in rana ta take kuma na faɗa gosulon titin Zariya. Ranar da maiɗakina ta dafe gaban mota ta ce, "Maigida, wai tuƙin ne ya ɓace maka ko motar ce?" ranar na san magana ta kai inda ta kai.

Bakaniken farko da na je wa, dattijo ne da na daɗe ina ganin girmansa, ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Alhaji, man giya ba a taɓa shi. Kana juye shi giyar ta tafi. Ka lallaɓa kayanka." Na biyu yaro ne mai zafin nama, shi kuma cewa ya yi in kawo ta a ɗaura mata na'ura a wanke cikin giyar tas, a zuba sabon jan mai daga wata babbar jarka da ke jingine a kusurwar garejinsa. Na ce wane iri ne a jarkar? Ya ce, "Oga, ATF ai ATF ne, duk ja ne." ATF shi ne sunan da ake kiran man giyar mota mai otomatik. Na yi masa sallama.

Abin da ya raba min gardama ɗan littafin motar ne, wanda ya zo da ita tun daga can, yana kwance a aljihun gaba ƙarƙashin takardun inshora, ban taɓa buɗe shi ba. A ciki Honda ta ce a yi amfani da manta mai suna ATF-Z1. Ta ce in an rasa za a iya zuba wani man giyar mai suna Dexron III na wucin gadi, amma ci gaba da amfani da shi yana ɓata yadda giya ke shiga. Hanyar wankewar da ta bayar kuwa babu na'ura a cikinta: a tsiyaye, a zuba sabo, a ɗan zaga da motar, a maimaita haka sau uku, sannan a yi na ƙarshe. Shi Z1 ɗin an daina yin sa, DW-1 ne ya maye gurbinsa, kuma shi ake zubawa a tsofaffin motocin da aka rubuta wa Z1. Mai motar da ke da giyar CVT, wato wadda ba ta da matakan giya ɗaya, biyu, uku, kada ya bi maganata, nasa man daban ne.

Dalilin da ya sa Honda ke da tsirfa a kan mai, ginin giyarta ne ya bambanta da na yawancin motoci. Ta irin wannan motar tawa an tsara ta ne kusan kamar giyar hannu, haƙora a kan sanduna masu jere da juna, kowace giya da nata tarin faifan kuloci da matsin mai ke damƙewa ya saki. Saboda haka santsin man da yadda yake barin faifan su kama juna shi ne kusan komai. Mai ja ne a ido, amma abin da aka haɗa a cikinsa ba ɗaya ba ne.

Sayen man ya fi juyen wahala, wannan ita ce gaskiya. Shagon farko da na tsaya, a bakin titi, yaron shagon ya miƙo min roba mai sunan DW-1 a farashin da bai kai rabin abin da na ji ana faɗa ba. Na juya ta. Takardar jikinta ta karkace, rubutun baya ya yi dishi-dishi kamar an ɗauko hotonsa da waya an buga, murfin kuma na murɗa shi kaɗan sai ya juya ba tare da zoben ƙasansa ya tsinke ba. Na ce, "Samari, wannan fa?" Ya ce ai kamfani ne ya sauya roba. Na ajiye masa abinsa. Daga baya wani abokin aikina ya haɗa ni da wani mai shagon kayan Honda a Ƙofar Ruwa, mutum mai sanyin magana. Shi ya fito min da kwali a rufe ya yanka a gabana, ya ce in zaɓa da kaina. Ya tambaye ni shekarar motar da yawan fuloginta kafin ya ce uffan a kan kuɗi, kuma shi ya tuna min da washar notin tsiyayar mai, wadda da na manta da ita sam. Abu ɗaya da ban ji daɗinsa ba, ba ya ragi ko na sisin kwabo, kuma ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa ko ba a buɗe ba. Na so in sayi roba goma sha biyu in mayar da abin da ya ragu, dole na tsaya a tara, wato na juye uku.

A lura, robar da aka yi wa kasuwar Amurka ba lita ɗaya ba ce cif. Kwat ɗaya ce, wato mililita 946. Ƙaramin bambanci ne, amma in kana lissafin abin da ya fita da abin da zai shiga, yana da amfani ka sani.

Tsada kam akwai ta. A lokacin, kuɗin roba ɗaya zai sayo maka wajen uku na jan man da ake zubawa a gareji. Na tsaya a bakin shagon ina jujjuya lissafi a raina, sai na tuna nawa aka ce min kuɗin giya 'yar Baljiyam, ban da kuɗin aiki, ban da kuma cewa ita ma ba ka san tarihin da ta taho da shi ba. Na zaro kuɗin na biya.

Kayan aikin ba su da yawa. Notin tsiyayar man ba ya son sifana ko soket, rami ne mai kusurwa huɗu a tsakiyarsa, kan rachet mai inci 3/8 ke shiga kai tsaye. Sai washar alminiyam mai milimita 18, dogon mazurari mai siririn baki, tsummokara, roba mai faɗi ta tarar mai, da jarkar da na yi wa alamar lita-lita da maka bayan na auna da ruwa na busar da ita. Jak da ƙafafun ƙarfe na tokare mota na aro a wurin maƙwabcina. Ina roƙon duk wanda zai gwada, don girman Allah kada ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, kada kuma ya tokare ta da bulon siminti. Bulo ba ya gargaɗi kafin ya fashe.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na zaga unguwa da ita na kamar minti goma don man ya yi ɗumi, na dawo na tsayar da ita a dandamalin ƙofar gida inda ƙasa ta daidaita. Na ja birkin hannu, na sa dutse a bayan taya, na ɗaga gaba. Ƙanena, wanda ya zo hutun makaranta, shi ne yaron aikina. Giyar tana ɓangaren direba, ƙasa da batir. Na shimfiɗa kwali na kwanta.

Notin ya ƙi motsi. Na ja, na ja, har jijiyar wuyana ta tashi. Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, ko dai a kira bakanike?" Na ce ya miƙo min guntun bututun ƙarfen da ke bayan ƙyaure. Na zura shi a hannun rachet ɗin, na tabbatar kan ya shige ramin har ƙarshe, don in ya shiga rabi ya zame to ramin ya cinye, aiki ya koma na mai walda. Na danna a hankali. Sai ƙas! kamar an karya ƙashi. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani abu na fasa. Ashe haka yake saki.

A nan na yi wautar farko. Notin a gefe yake kallo, ba ƙasa ba, ni kuwa na ajiye robar daidai ƙarƙashinsa. Ina zare shi man ya yi tsartuwa ya tsallake robar ya sauka a hannun rigata da kan siminti. Kafin in jawo robar wajen kofi guda ya malale. Har yau tabon na nan a ƙofar gida, maiɗakina kuma ba ta gaji da nuna wa baƙi shi ba.

Abin da ya fito ba ja ba ne. Ruwan ƙasa ne mai duhu, kamar shayin da aka manta a kan wuta, da ɗan ƙauri-ƙauri. Na ɗiga shi a farar takarda kusa da ɗigon sabon, wanda yake ja garau har kana hango takardar ta cikinsa. Sai notin. A bakinsa akwai mayen ƙarfe, kuma ya tara wani baƙin laka mai laushi har ya yi masa hula. Na murza shi tsakanin yatsu biyu: sumul, kamar kwalli da aka kwaɓa da man shanu, babu abin da ke sukar yatsa. Wannan shi ne garin ƙarfen da giya ke ci a hankali shekara da shekaru, kuma ba abin tsoro ba ne. Da na ji ɓarɓashi masu kaifi ko na ga ƙyalli-ƙyallin gutsattsarin ƙarfe, da na san ciwon ya wuce na mai. Na daɗe zaune a kan kwalin ina kallon notin nan. Shekara huɗu ina kai mota gareji, ba wanda ya taɓa nuna min shi.

Na goge shi fes, na cire tsohuwar washar da ta lotse ta manne, na sa sabuwa. Ƙa'idar ɗaurinsa 49 N·m ce, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. Maƙwabcina yana da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, da ita na yi, kuma na yi mamakin yadda ta yi ƙara da wuri. Wato wanda ya ɗaure shi kafin ni da ƙafa ya taka. Jikin giyar alminiyam ne, in ka cinye zarensa kuka ya same ka.

Da na juye abin da ya taru a jarkar awo, na ƙara da kimanin wanda ya zube, ya tasam ma lita uku. Cikin giyar gaba ɗaya kuwa lita shida da rabi ne. Sauran yana maƙale a cikin kwanbata, wadda ke haɗa inji da giya, da bututun da ke kai mai lagireto ya huce, ba ya fita ta noti. Ga inda lissafin sau uku ya fito: juye ɗaya yana sabunta kashi 43 cikin ɗari ne kawai, na biyu ya kai ka wajen 68, na uku wajen 82. Duk wanda ya yi sau ɗaya ya ce maka ya canza man giya, bai kai rabi ba.

Zubawa ta ramin geji ake yi, gejin mai kan zobe ruwan ɗorawa, can ƙasa a lungu. Ramin siriri ne, man kuma ba ya son gaggawa. Ka tuttula da yawa ya yi amai ya dawo ta bakin mazurarin. Ƙanena ya riƙe, ni ina tsiyayawa kaɗan-kaɗan, roba uku ta ɗauke mu kusan minti ashirin. Bakin robar DW-1 ɗin ba shi da wani tsini na zubawa, don haka in ba ka da dogon mazurari kada ma ka fara.

Wauta ta biyu ta fi ta farko. Kafin wannan motar Corolla nake ja, ita kuwa ana duba man giyarta ne inji na aiki. Haka na yi a nan, na ga geji yana nuna min abin da ban gane ba, na ƙara kusan rabin roba. Sai da na koma littafin na ga Honda akasin haka take: a bar inji ya yi zafi har fankar lagireto ta tashi, a kashe, a jira daƙiƙa 60 amma kada a wuce 90, a zaro geji a goge, a mayar har ƙasa, a sake zarowa. Da na bi wannan sai ga mai ya haura alamar sama. Mai in ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi. Na aika ƙanena kyamis ya sayo babban sirinji da siririyar robar ƙarin ruwa, muka zuƙo rarar ta ramin gejin, sirinji bayan sirinji. Yana ta ƙunshe dariya. Ya ce, "Yaya, yau kai ne likita kai ne majinyaci."

Ban yi ukun a rana ɗaya ba. Na bar mako guda tsakanin kowane juye, ina zuwa aiki da ita, don in ji yadda take karɓar sabon man. Na biyu bai kai min minti arba'in ba, ko digo bai taɓa ƙasa ba. Man da ya fito ranar ya fara komawa ja mai duhu, a na uku kuwa kamar zoɓon da bai ji ruwa ba, mayen ƙarfen kuma ɗan dusar baƙi kawai ya tara.

To, me ya canza? Bayan juyen farko, in faɗi gaskiya, kusan babu. Har na fara jin haushin kuɗina. Bayan na biyu ne jinkirin safiya ya ragu sosai, ina sa D tana ɗauka, gum ɗin ya koma ɗan motsi da sai ka kasa kunne. Bayan na uku fizgar tsakanin ta biyu da ta uku ta ɓace a tuƙin yau da kullum. Na je Zariya na dawo da tsakar rana, a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, da na'urar sanyaya mota a kunne, ban ji ta yi gardama ba. Amma ba ta koma sabuwa ba. In na daɗe a gosulo sannan hanya ta buɗe na take totur da ƙarfi, har yanzu akwai 'yar tangarɗa kafin ta uku ta kama. Faifan da ya ci shekara da shekaru yana aiki, mai ba zai mayar masa da naman da ya zube ba.

An ce DW-1 ya fi Z1 saurin gudana in gari ya yi sanyi, wanda hakan ke ɗan rage shan fetur. Wannan amfanin na masu ƙanƙara ne. Mu nan in ka cire 'yan safiyoyin hunturu, man bai taɓa sanin sanyi ba. Ni dai ban ga wani bambanci a tankina ba, kuma ba zan ce wa kowa ya saya don wannan ba.

Maganar dattijon bakanikena kuwa, na dawo na fahimci inda ta samo asali, kuma ba zan ce ƙarya ya yi ba. Yawancinmu ba ma tunawa da man giya sai giyar ta fara zamewa, inji na ihu mota ba ta tafiya, ko fitilar D ta fara ƙiftawa. A lokacin faifan sun riga sun ƙone. A juye mai, a zuba wanda ba nata ba daga jarkar da ba suna, bayan sati biyu ta tsaya cak, sai a ce juyen ne ya kashe ta. Ya ga irin haka ya fi a ƙirga, shi ya sa yake gudun a ɗora masa jakar tsaba. Wanda motarsa ta kai wannan matakin, kada ya ɓata kuɗinsa a roba tara, ya nemi mai gyaran giya. Wanda tasa ke tafiya lafiya ko ta fara 'yar fizga irin tawa, shi DW-1 zai yi wa rana.

Kuɗin aikin da na tsira da shi ba wani abin a zo a gani ba ne, bai ma kai kuɗin rigar da na ɓata ba. Abin da ya sa zan sake yi da kaina, na ga robar a rufe, ni na tsinke zobenta, na auna abin da ya fita, na san abin da ya shiga. Wanda ba ya son kwanciya a ƙarƙashin mota, ya sayi mansa da washarsa ya kai gareji, ya ja benci ya zauna har a gama, ya kuma karɓi robobinsa da ba komai a ciki ya huda su kafin ya yar. Robar kirki da aka yar da murfinta ita ce gobe ake cikawa da wani abu a miƙo wa wani a bakin titi.

Akwai wata 'yar matatar mai a jikin bututun da ke zuwa lagireto a irin wannan mai fulogi huɗun, ban taɓa ta ba tukuna, lungun da take ya fi ƙarfin haƙurina a ranar. Na bar ta sai juye na gaba, wanda na rubuta a bangon littafin motar da biro: kwanan wata, abin da mita ke nunawa, da adadin da ya fita kowane karo.

Tsohon man, wajen lita takwas da wani abu, na tara shi a jarka biyu. Ban zuba a kwata ba, don kwatarmu a bayan gidan maƙwabta take bi, yara na wasa a bakinta. Wani kafinta a layinmu ya aiko yaronsa yana so zai shafa wa katakon rufi saboda gara, na ba shi ɗaya. Ɗayar tana nan bayan ƙyaure kusa da guntun bututun, ina jiran ranar da zan kai motar juyen baƙin mai in miƙa musu.